Ɗaure Bayanai a Dami Ɗaya Cikin Kwamfuta

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ina so in ɗan yi bayani a kan wata dabara ta harshen kwamfuta mai suna C, wanda Dennis Ritchie ya ƙago a Amurka a 1972. Ana kiranta struct.

Mu ɗauka malami yana da ɗalibai 40, waɗansu 'yan nan Mada, waɗansu daga Tsafe da Bunguɗu. In ya zuba sunaye a jeri guda, maki a wani jeri dabam, ran da ya sāke jera sunayen bisa abacada ya mance da makin, sai sakamakon wani ya hau kan wani. Yaro ya ci jarrabawa, takarda ta ce ya faɗi, uba ya yi ta faɗa a banza!

Manomi ba ya kai gero rumbu zangarniya ɗai-ɗai, sai ya ɗaure dami. To, haka nake ganin struct:

struct dalibi {
char suna[30];
char gari[20];
int maki;
};

Wannan fasali ne kurum, ba a ajiye kowa ba tukuna. Sai an rubuta struct dalibi aji[40]. Sa'an nan kwamfuta ta keɓe wa mutum 40 wuri. Don a ba na farko maki 65, sai a rubuta aji[0].maki = 65; gama C daga sifiri yake fara ƙirga. Yanzu duk inda aka matsar da ɗalibi, sunansa da garinsu da makinsa tare za su tafi.

Amma fa a kula, suna[30] haruffa 29 kaɗai zai ɗauka, domin gurbi guda na alamar ƙarshen suna ne.