Darasin Wannan Mako: Ina Jarida Ta Karkata?

'Yan uwa ɗalibai, jarida na iya faɗin gaskiya a kowane layi, amma ta kai mu inda take so. Ba sai ta yi ƙarya ba. Abin da ta zaɓa ta faɗa, da wanda ta bari, ya isa. To, ta yaya za mu gane?

Na farko, mu tambayi mai ita. Nnamdi Azikiwe ne ya kafa West African Pilot a Legas a 1937, ta kuma mara wa jam'iyyarsa ta NCNC baya. Obafemi Awolowo ya kafa Nigerian Tribune a Ibadan a 1949, ta zama muryar jam'iyyar AG. Gwamnatin Jihar Arewa ce ta fito da New Nigerian a Kaduna a 1966. Kowace da wanda take karewa, domin wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Na biyu, mu dubi kanun labari. A ce malamai sun tafi yajin aiki. Wata jarida ta rubuta, "Malamai sun yi watsi da ɗalibai." Wata ta ce, "Rashin albashi ya tilasta wa malamai ajiye alli." Lamari ɗaya ne, amma kowace ta riga ta nuna mana mai laifi.

Na uku, mu ƙirga waɗanda aka ji ta bakinsu. Idan kwamishina ya samu sakin layi biyar, malamai kuwa jimla ɗaya a ƙarshe, ba a yi raba daidai ba.

Na huɗu, mu bambanta labari da ra'ayi. Shafin ra'ayin jarida wuri ne da aka ware don ta faɗi matsayinta a fili, kuma wannan ba laifi ba ne. Laifin shi ne a cusa ra'ayi cikin labari ba tare da an sanar da mai karatu ba.

Da yawa daga cikinmu sun kusa cika shekara 18, lokacin jefa ƙuri'a. Wanda bai iya tantance labari ba, wasu ne za su yi masa zaɓi.

Aikinmu na wannan mako: kowa ya samo labari ɗaya daga jaridu biyu, ya ja layi a ƙarƙashin kalmomin da suka bambanta, ya kawo taron ƙungiya. Za mu auna wannan allo namu ma da mudu ɗaya.