Baƙon dutse daga can ƙasa

Tambaya: Mu nan garin Turawa, in ana haƙa rijiyar burtsatse, ba a nisa injin ke cin karo da dutse. To yaya masana ke cewa sun san irin dutsen da ke kilomita 30 a ƙarƙashinmu? Daga wani malamin firamare a Turawa.

Amsa: Malam, shakkarka tana kan hanya. Rami mafi zurfi da ɗan Adam ya haƙa yana Kola, a Rasha, kuma a 1989 ya tsaya a mita 12,262. Kaurin ɓawon ƙasa kuwa a doron nahiya yakan kai kilomita 35 ko fiye. Ba wanda ya je can. Dutsen ne ke zuwa mana.

In narkakken dutse ya taso zai yi aman wuta, yakan ɓanɓaro gutsattsari daga bangon hanyarsa, kamar yadda kogin Challawa ke kwaso tarkacen gaɓarsa da damina. Saboda saurin tasowar, gutsuren ba ya samun damar narkewa. Sai ya daskare cikin baƙin dutsen, kamar gyaɗa cikin alewa. Masana na kiransa zenolit, wato baƙon dutse da harshen Girkanci.

Ba za ka tsince shi a Karaye ko Rogo ba, don duwatsunku tsofaffin giranit ne da danginsa. Sai ka je tudun Biu a Barno, ko Kerang da Panyam a Filato. Fasa baƙin dutsen can, wani sa'in ka ga dunƙule kore shar, ƙwayoyinsa na ƙyalli kamar sukari. Wannan ma daga ƙasan ɓawon ya fito gaba ɗaya. Na gindin ɓawon, wanda ake kira giranulait, ya yi suna a Kilbourne Hole ta Amurka da wasu wurare.

A ɗakin bincike ana feƙe gutsuren har haske ya ratsa shi, a duba ma'adinansa. Yadda suka raba sinadarai irin su ƙarfe da magnisiyam a tsakaninsu shi ke nuna zafi da matsin da suka sha, daga nan a lissafo zurfin. Galibi gindin ɓawon ya fi giranit nauyi da duhu, kuma busasshe ne.

Sai dai ni ina ɗaukar shaidar da taka-tsantsan. Aman wuta ba ko'ina yake ɓullowa ba, kuma abin da ya tsira a hanya kaɗai muke gani. Shi ya sa ake gwada sakamakon da saurin igiyoyin girgizar ƙasa, dabarar da wani masani mai suna Mohorovicic ya gano iyakar ɓawon da ita a 1909.