Darasi: Haƙƙin Kaka Mai Renon Jika

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa, a Maraɗi da Damagaram da Tawa gidaje da yawa kaka ce ke riƙe da yara, ko don uwa tana aiki, ko don aure ya mutu, ko don uba ya tafi biɗa Abijan ko Libiya. To, ku sani haƙƙoƙi uku ne ke cikin wannan al'amari, kuma bai halatta a cakuɗa su ba.

Na farko, ciyar da yaro. A mazhabar Malikiyya, idan uwa ta rasu ko ta yi wani aure, reno yana komawa ga kaka ta wajen uwa, sa'annan ƴar'uwar uwa, kamar yadda Ibn Abi Zaid ya bayyana cikin Risala. Amma ci da tufafi suna nan a wuyan uba. Abin da ya aiko haƙƙin yaro ne, ba kyauta ba ce ga kaka.

Na biyu, ladan aiki. Magana mashahuriya ita ce wadda reno ya faɗo wa ta hanyar shari'a ba ta da lada saboda renon kansa. Amma idan iyaye suna tare, suka nemi kaka ta tsare musu yaro lokacin aiki, ya halatta su yanka mata lada sananne zuwa lokaci sananne. Kunya kada ta hana faɗin adadi, domin rashin faɗinsa ke haifar da ƙorafi.

Na uku, ciyar da iyaye matalauta wajibi ne a kan ɗa mai hali, ko sun yi reno ko ba su yi ba. Saboda haka kada mutum ya lissafa shi cikin ladan reno, kada kuma ya biya ladan da zakkarsa.

Game da kuɗin yara da CNSS ke ba ma'aikata masu rajista, don ɗawainiyar yaro aka tanade su. Uba ya kai takardun da ake nema, kamar takardar haihuwa da shaidar makaranta, ba tare da ƙarya ba; in ya karɓa, ya miƙa su gidan da yaron ke ci yake kwana. Wanda ya riƙe su alhali tsohuwa tana cin bashin hatsi, ya ci amana.

Allah ne Mafi sani. Wassalamu alaikum.