Amsa Kan Mesar Da Take Dunƙulewa

Wani mai sauraronmu daga Kumasi ya tambaya, me ya sa ƙaramar mesar da yake kiwo take dunƙulewa, wani sa'in har ta kai sara, kuma ta daɗe kwance cikin kwanon ruwa?

To malam, wannan mesa, wadda asalinta Afirka ta Yamma ne da ta Tsakiya, kuma ake fitar da ita daga Ghana da Togo da Benin zuwa ƙasashen waje, ba ta da dafi, kuma ɗabi'arta ce idan ta firgita ta cusa kanta tsakiyar jikinta; saran kuwa galibi tsoro ne sababinsa, musamman lokacin saɓa, sa'ad da idanunta suke dushewa.

Amma daɗewa cikin ruwa, wannan alama ce abar tuhuma. Ka duba gefen idanunta da ƙarƙashin haɓarta. In ka ga wasu baƙaƙen ƙwari ƙanana ƙwarai suna motsi, ko kaska maƙale tsakanin ɓawon fata, to jininta suke sha. Wajibi ne ka wanke akwatinta sarai, ka shimfiɗa farar takarda domin su bayyana, ka rage taɓa ta. Kada ka fesa mata maganin sauro, domin yana iya halaka ta. Ka kai ta wurin likitan dabbobi.