Amsar Tambaya: Akurki a Ɗan Ƙaramin Lambu

Tambaya: Wata uwargida a Birnin Gwari tana son kiwon kaji shida, amma filin bayan ɗakinta bai wuce taku goma ba, kuma yakuwa da alayyafo sun cinye rabinsa. Yaya za ta yi?

Amsa: Filin Hajiya zai wadatar, domin kaji shida na gida ba sa buƙatar akurki, wato ɗakin kwanansu, da ya wuce murabba'in mita 2, sai farfajiyar da aka kewaye da ragar waya mai kimanin murabba'in mita 6. Ya kamata ta ɗaga akurkin a kan ƙafafu kamar rumbu, saboda ƙarƙashinsa ya zama inuwa, ruwan damina ya wuce, gara kuma ta bar katakon.

Tunda garin yana maƙwabtaka da dajin Kamuku, shaho da tunku da maciji ba baƙi ba ne, don haka a rufe saman farfajiyar da raga, a binne gefenta cikin ƙasa, a kuma kulle ƙofa da magariba. A zuba buntun shinkafa a daɓe, a ajiye kaskon toka don wankan kaji. Kashinsu taki ne mai ƙarfi, sai dai ɗanyensa yana ƙona shuka, sai ya ruɓe tukuna.

Kafin hunturu ta nemi malamin dabbobi ya yi musu rigakafin cutar Newcastle, wanda cibiyar binciken dabbobi ta Vom take samarwa, kada kuma ta haɗa sabuwar kazar kasuwa da nata sai bayan mako biyu a keɓe.