Shirin Mai Bi Domin Zuwa Taron Masu Koyar da Yara

A karanta: Markus 10:13-16, Ezra 7:10, 2 Sarakuna 4:1-7.

Ya ɗan'uwa, kai da ka shiga hanyar Almasihu ba da daɗewa ba, da ke 'yar'uwa, da kai kuma da kake cikin bincike tukuna, wannan darasi naku ne. Al'ada ce ga ikilisiyoyi su kira taro loto loto domin masu koyar da yara, inda malaman Makarantar Lahadi na birni da na ƙauye sukan zauna 'yan kwanaki, su yi addu'a tare, su koyi yadda za su kai Maganar Allah ga ƙanana. Watakila dattawan ikilisiyarku sun kira sunanka, sun ce ka bi malamin yara zuwa wurin, domin ka zama mataimakinsa. Yaya fa za ka shirya kanka? Gama mutum biyu sukan tafi taro ɗaya, su zauna a benci ɗaya, wannan ya komo da guzurin shekara, wancan kuwa ya komo da labarin abinci kaɗai. Bambancinsu tun daga gida ya faro. Shirin zaune ya fi na tsaye.

1. Ka san girman aikin

Akwai masu tsammani koyar da yara ƙaramin aiki ne, wanda akan ba wa wanda bai isa ya yi wa manya wa'azi ba. Almajiran Ubangiji ma sun taɓa yin wannan kuskure. Ran da iyaye suka kawo masa 'ya'yansu domin ya sa musu hannu, almajiran suka kwaɓe su, suna gani Malaminsu ya fi ƙarfin wannan. Markus ya gaya mana ran Yesu ya ɓaci, ya hana su tare yaran, ya rungume su, ya sa musu albarka. A cikin Matta 18 kuma ya tsai da yaro a tsakiyar almajiran, ya yi gargaɗi mai tsanani ga duk wanda zai sa irin wannan yaro tuntuɓe, har ya ce nutsewa cikin teku da dutsen niƙa a wuya ya fi masa sauƙi. Aikin da Ubangiji ya kewaye da irin wannan gargaɗi, wane ne zai rena shi?

Waɗanda suka riga mu sun gane wannan. A shekara ta 1780 wani mai buga jarida a garin Gloucester ta ƙasar Ingila, sunansa Robert Raikes, ya ga 'ya'yan talakawa suna aikin ƙarfi kwana shida, ran Lahadi kuwa suna yawo a titi ba mai kula da su. Ya ɗauki mata, yana biyansu, su koya wa yaran karatu da Littafi Mai Tsarki. Daga nan Makarantar Lahadi ta bazu, har a 1889 malamanta daga ƙasashe dabam dabam suka yi babban taronsu na duniya na fari a Landan. A ƙasar Hausa, Likita Walter Miller na ƙungiyar C.M.S. ya zauna a birnin Zariya tun 1905, yana koyar da yara, yana kuma aikin juya Littafi Mai Tsarki, wanda ya fito dukansa da Hausa a 1932. Aikin ya koma Wusasa daga baya, kuma cikin yaran da suka yi karatu a makarantar mishan ɗin nan har da Barau Dikko, wanda ya zama likitan asibiti na fari daga Arewa. Nan Katsina, ƙungiyar S.I.M. ta karɓi aikin jiyyar masu ciwon kuturta a Babbar Ruga a 1937, a 1954 kuma ikilisiyoyin da suka fito daga aikin S.I.M. suka haɗu suka zama ECWA. Taron da za ka je, reshe ne na wannan tsohon itace.

2. Shirin zuciya

An rubuta a kan Ezra malamin Attaura cewa ya sa zuciyarsa ga abu uku, bi da bi: ya binciki shari'ar Ubangiji, ya aikata ta, sa'an nan ya koyar da ita. Kada ka juya wannan jeri. Mai koyar da abin da bai aikata ba, yara za su riga kowa gane shi, gama idon yaro ya fi kunnensa kama darasi. Idan ka koya musu gaskiya ran Lahadi, ran Litinin kuwa suka ji ka aiki ɗayansu ya ce wa mai bin ka bashi ba ka nan, darasin Litinin ne za su riƙe.

Domin wannan, mako guda kafin tafiya ka keɓe lokaci kowace safiya, ka karanta wuraren nan uku da aka sa a bisa, ka tambayi kanka a gaban Allah: don me nake so in tafi? Ko don a gan ni cikin malamai ne? Ko don takardar shaida da akan bayar a ƙarshe? Ko don in huta da aikin gida? Allah ya san amsar tun kafin ka faɗa. Ka faɗa masa ita yadda take, ka roƙe shi ya gyara niyyarka. In akwai wanda kuke gaba da shi, ka je ku shirya tukuna, kamar yadda Ubangiji ya koyar cikin Matta 5:23-24. Ka tuna kuma Yaƙub ya ce masu koyarwa za a yi musu shari'a mafi tsanani. Wannan ba domin ka ja da baya aka faɗa ba. An faɗa ne domin ka shiga aikin da tawali'u, kana mataimaki a ƙarƙashin wanda ya riga ka, har lokacin da dattawa suka ga ka isa a ba ka aji.

3. Ka ɗauki yaran a zuciyarka

Wanda ikilisiya ta aika taro ɗan aike ne. Ɗan aike kuwa ba ya fita sai ya san saƙo. Saƙonka shi ne bukatar yaran da ka bari a gida. Sai ka sami takarda, ka rubuta sunan kowane yaro na ajinku, da shekarunsa, da harshen da ya fi ji, da ko ya iya karatu. Ka sa alama wurin maraya, da wanda iyayensa ba sa zuwa sujada, da wanda ya daina zuwa. Ka yi addu'a domin kowannensu da sunansa.

Wannan ya fi zama wajibi ga ku mazauna GRA da kewayenta. Unguwar nan tun asalinta mazaunin manyan ma'aikatan gwamnati ce a bayan ganuwa, har yanzu kuwa gidajen manya ne suka fi yawa a cikinta. Amma a bayan manyan gidajen nan akwai ɗakunan masu gadi, da direbobi, da masu dafa abinci, da masu wanki da guga, su ma da 'ya'yansu. Sai ka tarar a aji ɗaya ga ɗan babban ma'aikaci wanda Turanci ya fi masa sauƙi, ga 'yar mai gadi wadda suka zo daga ƙauye bara, Hausa kaɗai take ji. Jarabar malami ita ce ya juya fuskarsa wajen mai kyakkyawar riga da saurin amsa, ya bar ɗayar a baya tana wasa da yatsunta. Karanta Yaƙub 2:1-4, ka ga abin da Allah ya ce da wannan hali. Sa'an nan ka rubuta tambayarka domin taron: yaya zan koyar da su biyun, kada ɗaya ya fita hannu wofi?

Ka rubuta kuma tambayoyin da yara suka taɓa yi maka ka rasa amsa. Ina ƙanena da ya mutu yake? Don me Allah bai warkar da uwata ba? Kada ka ji kunyar kai su gaban malamai. Ka tuna da gwauruwar nan ta zamanin Elisha, wadda aka ce ta aro tuluna wofi daga maƙwabta: man ya yi ta zuba muddin akwai tulu, da tuluna suka ƙare, man ya tsaya. Tambayoyinka su ne tulunanka. Wanda ya tafi da biyu, biyu zai cika.

4. Shirin gida da na hanya

Idan kana aiki a gidan wani ko a ofis, ka nemi izini da wuri, ka faɗi gaskiyar inda za ka da ranar da za ka komo. Kada ka ce za ka gai da marar lafiya ko za ka jana'iza. Wanda ya tafi koyon Maganar Allah bisa kan ƙarya, ya rushe ginin tun bai sa tubali ba. In maigida ya hana, ka yi haƙuri, ka gaya wa dattawa, wani taro yana zuwa. Miji ya shawarci matarsa, mace ta shawarci mijinta, a bar wa gida abinci, a san wanda zai kula da yara. In lokacin damina ne, ka gama da gona ko ka sami wanda zai tsaya maka.

Ka tambayi kuɗin rajista da na mota tun da sauran kwana, ka tara da kaɗan kaɗan. In ikilisiya ce ta ba ka kuɗin, amana ce: ka rubuta abin da ka kashe, ka mai da canji. Ka ɗauki Littafi Mai Tsarki naka, da littafin waƙoƙi, da littafin rubutu, da abin rubutu biyu. In za a kwana, ka haɗa da tabarma, da gidan sauro, da kwano, da bargo idan hunturu ne. Masu zuwa daga nesa, kamar Malumfashi ko Funtuwa, su yi sammako, su yi tafiya tare, kada dare ya same su a hanya.

5. Halinka a wurin taro

Ka iso kafin a fara, ka kashe wayar hannu, ka zauna inda za ka ji. Ka rubuta abin da za ka iya aikatawa ran Lahadi mai zuwa, gama ba dukan abin da ya yi daɗin ji ne zai yi maka amfani ba. In an nuna hotuna da na'urorin da ikilisiyarku ba ta da su, kada ka karai. Ubangiji ya koyar da iri, da fitila, da gishiri, da tunkiya. Zangarniyar gero, da majajjawa, da tsintsiya, duk suna hannunka. Ka nemi tsohon malami ko tsohuwar malama da suka daɗe cikin aikin, ka zauna kusa da su lokacin cin abinci, ka yi musu tambaya da ladabi. Kada ka yi gunaguni a kan abinci ko makwanci, kada kuma ka ware da mutanen yarenku kaɗai.

6. Amanar 'ya'yan mutane

Akwai abu uku da ya wajaba ka riƙe, ko an ambace su a taron ko ba a ambata ba. Na fari, Allah ya danƙa yaro ga iyayensa. Kada ka kira ɗan kowa zuwa aji ba da sanin iyayensa da yardarsu ba, kada kuma ka jawo shi da alewa ko kuɗi. Yawancin maƙwabtanmu a Katsina Musulmi ne, kuma haƙƙinsu a kan 'ya'yansu daidai yake da namu a kan namu. Bishara ba ta bukatar a shigar da ita ta bayan gida. Na biyu, kada ka keɓe da yaro ko yarinya a ɗaki ku kaɗai. Ka koyar a fili, ƙofa a buɗe, da wani babba a kusa. In yaro ya gaya maka wani yana cutarsa, kada ka rufe maganar domin kunya, ka kai ta ga fasto da wanda ya cancanta cikin iyayensa a ranar. Na uku, ka ajiye bulala da zagi. An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gaskiya ne, amma ɗanyen icce ma yakan karye a hannun mai garaje.

7. Bayan komowa

Sa'ad da Bulus da Barnaba suka komo Antakiya, suka tara ikilisiyar da ta aike su, suka ba da labarin dukan abin da Allah ya yi (Ayyukan Manzanni 14:27). Haka kai ma za ka yi. Ka je wurin dattawa da littafin rubutunka, ka gaya musu abin da ka koya, ka raba shi da malaman da ba su sami zuwa ba. Ka zaɓi abu ɗaya ko biyu, ka fara aikata su nan da nan. Sa'an nan ka ɗauko takardar sunayen nan, ka nemi yaron da ya daina zuwa, ka je gidansu ka gai da iyayensa.

Tambayoyi

1. Don me ran Yesu ya ɓaci da almajiransa cikin Markus 10?
2. Waɗanne abu uku ne Ezra ya sa zuciyarsa a kai, wanne ne kuma na fari?
3. Me za ka rubuta a takarda kafin ka tafi?
4. Me za ka yi idan maigidanka ya hana ka tafiya?
5. Faɗi abu uku na amanar 'ya'yan mutane.

Addu'a

Ya Ubangiji Yesu, Makiyayin ƙanana da manya, ka tsarkake niyyata kafin in tashi. Ka ba ni kunnen almajiri da zuciyar bawa. Ka tsare yaran da na bari a gida, ka kiyaye ni kada in zama dalilin tuntuɓe ga ko ɗaya daga cikinsu. Ka kai mu lafiya, ka komo da mu da abin da zai amfane su, domin girman sunanka. Amin.