Kasuwar Kuɗi: Ma'ajiya Mai Ƙarancin Haɗari

Kasuwar kuɗi ita ce fagen da gwamnatoci da bankuna da manyan kamfanoni ke cin bashi na gajeren lokaci, wanda bai wuce shekara guda ba. Alal misali, Babban Bankin Nijeriya yakan sayar da takardun bashin gwamnati masu wa'adin kwana 91, ko 182, ko 364. Da yake wa'adin gajere ne, kuma masu cin bashin suna da ƙarfin biya, haɗarin asara kaɗan ne. Hanyoyi biyu na ajiya suna ɗauke da sunan wannan kasuwa, amma ba ɗaya ba ne.

Ajiyar Banki

Hanya ta farko ajiya ce a banki, wadda aka halatta a Amurka a 1982. Takan ba da kuɗin ruwa fiye da ajiyar yau da kullum, kuma tana da inshorar gwamnati har zuwa dala 250,000. Idan banki ya durƙushe, za a biya mai ajiya.

Asusun Haɗaka

Hanya ta biyu ita ce jama'a su tara kuɗinsu wuri guda, ƙwararru su sayi takardun bashi da su, a raba riba. Bruce Bent da Henry Brown ne suka kafa na farko a Amurka, a farkon shekarun 1970. Wannan zuba jari ne, ba shi da inshora. Manajoji sukan yi ƙoƙarin tsayar da darajar kowane kaso a kan dala ɗaya, amma ba su ɗauki alkawarin haka ba.

An ga gaskiyar wannan a watan Satumba na 2008, sa'ad da bankin Lehman Brothers ya karye. Asusun Reserve Primary Fund yana bin sa bashin dala miliyan 785, sai darajar kasonsa ta faɗi zuwa santi 97. Nan take mutane suka yi rububin janye kuɗinsu daga ire-irensa, har sai da gwamnatin Amurka ta tsaya musu.

Hauhawar Farashi

Akwai kuma ɓoyayyen haɗari. Idan naira 100,000 ta zama 110,000 a shekara, amma kayan da take saye suka koma 120,000, to mai ita ya yi asara, ko da yake kuɗinsa sun ƙaru.

Saboda haka waɗannan ma'ajiyoyi sun fi dacewa da kuɗin da za a buƙata nan kusa, kamar kuɗin makaranta. Kafin a ajiye, sai a tambaya: akwai inshora? Wa ake ba bashin?